Yadda Na-Sani Ya Ari Ɓerayen Dakta

In ka ga mutum yana tafe da yamma cikin farar rigar likitoci, alƙalami uku a aljihun ƙirji, yana amsa gaisuwa da yatsa ɗaya, kada ka yi saurin kai masa ciwonka. Na-Sani ne. Aikinsa wankin kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje inda ake tatsar ruwan ganyaye da saiwoyi, a gwada a jikin fararen ɓeraye ko za a dace da maganin farfaɗiya. Alƙaluman nan kuwa, biyu daga ciki murfi ne kawai.

Sunan ba na yanka ba ne. Ya same shi ne saboda ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce hadari ya haɗu, ya sani. Ka ce an haihu a gidanku, ya riga ungozoma sani. Matarsa ta ce ranar da ta gaya masa tana da cikin fari ma abin da ya ce ke nan.

A wurin aiki iyakarsa bakin famfo. Sai dai famfon yana jikin bangon ɗakin ɓeraye, bangon kuma na katako ne, don haka rabin abin da Dakta, shugabar wurin, ke koya wa ɗalibanta yana faɗowa kunnensa. Rabin da ƙarar ruwa ta cinye sai ya cike da nasa. Da wannan yake komawa gidan hayar da suke zaune, ya baje shi a tsakar gida gaban Tela da Mai walda da Inna mai gida, yana ta “mu masu bincike”. In Tela ya tambaye shi ko a cikin kwalba ake binciken, sai ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tela ya ce shi dai farar riga ya gani.

Wata Juma’a mai kula da ɓerayen ya nemi izini, matarsa na naƙuda. Dakta ta duba nan ta duba can, ɗalibai duk sun watse, ba kowa sai Na-Sani yana ɗauraye mazurari. Doguwar mace ce mai sanyin magana, irin waɗanda in sun rage murya ake neman wurin ɓuya. Ta nuna masa wani keji a kan kanta, fararen ɓeraye goma a ciki, ta ce abinci da ruwa kawai zai zo ya ba su Asabar da Lahadi. Ran Litinin baƙi za su zo, masu ba da tallafin bincike, waɗannan goman ne kuma za a nuna musu.

“Ka ga wannan ja da shuɗi a wutsiyoyinsu?”

“Na sani, ranki ya daɗe.”

“Ma’anarsu ita ce…”

“Ai na sani.”

Abin da Dakta ta so gaya masa shi ne, masu jar wutsiya an yi makonni ana ba su ruwan wata saiwa, masu shuɗiya kuwa ruwan banza aka riƙa ba su, don a samu abin kwatantawa ranar gwaji. In alamar ta tafi, aikin ya tafi, domin farin ɓera ko uwarsa sai ta shinshina take gane shi. Amma wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka da gaske ya sani. Ta miƙa masa makulli, ta tuna masa ma’aunin zafin da ya wanke da tafasasshen ruwa ya fashe, da firjin da ya kashe wai don firjin ya huta. Ta ce waɗannan biyu ta yafe. In ɓera ɗaya ya yi ko da ciwon kai ne, ya nemi wani famfon.

Makullin na taɓa tafin Na-Sani, sai kansa ya fara tafasa. Shekaru Dakta na fama da saiwa ɗaya, ga shi kuwa a bayan katangar gidansu akwai fili cike da ciyayi iri-iri, wata akuya na kiwo a wurin tun da ya tare a unguwar, bai taɓa ganin ta faɗi ba ko sau ɗaya. Wace shaida ta fi wannan? Abin da ya rasa duk shekarun nan ɓeraye ne, ga su Allah ya kawo. Zai gwada nasa maganin a gida, ran Litinin in Dakta ta gama nata bayanin sai ya yi gyaran murya a gaban baƙi. Har ya hango sunansa a ɗinke a ƙirjin rigar. Ya tuɓe ta, ya lulluɓe kejin da ita, ya fita. A cikin bas wata mata ta tambaye shi me ke kuka a cinyarsa, ya ce na’ura ce.

Matarsa tana guga ya shigo ya dire kejin a kan teburin cin abinci. Ta ɗaga gefen rigar, ta sake ta a hankali.

“Baban yara, mene ne wannan?”

“Arzikinmu.”

“Arzikinmu da wutsiya?”

Ya yi mata bayani tun daga akuya har zuwa ranar da za su tashi daga haya. Ta saurara har ƙarshe, abin da shi bai taɓa yi mata ba, sannan ta ce ita ba ta san bincike ba, amma ta san kayan aro ba ya rufe katara, ta kuma san da wankin kwalaben nan ake cin abinci a ɗakin nan. Ya mayar musu da abinsu tun rana ba ta faɗi ba. Ya ce ya sani. Ta ci gaba da guga.

Da safe ya zagaya bayan katanga ya ciko buhu. Duk abin da hannunsa ya kai ya tsinko, mai faɗi da mai ƙaya da mai fure, har da ɗan shingen Inna da ya leƙo waje. Ya ɗauki babbar tukunyar matar, wadda ba ta fito da ita sai in an yi baƙi, ya ɗora. Kafin hantsi warin ya kori Mai walda daga ƙofar ɗakinsa, shi da ke kwana cikin hayaƙin ƙarfe. Na-Sani ya ɗanɗana da bakin cokali, idanunsa suka kawo ruwa, ya ce ɗaci alamar ƙarfi ne. Duk da haka ya juye gwangwanin madara da man kifin gwangwani a ciki don ɓerayen su karɓa.

Tukunya na hucewa ya juya kan kejin, sai a lokacin ya lura da wutsiyoyin sosai. Ransa ya ɓaci. Ɗalibai dai ba su da aiki sai zane-zane, yanzu har a jikin dabba. Yaya za a yi ya fito da ƙazaman ɓeraye gaban jama’a? Matar ta ce ƙila da gangan aka shafa. Ya ce wa ke aiki a wurin, ita ko shi?

A nan kam sai a ba shi haƙƙinsa. In akwai abu ɗaya a duniya da Na-Sani ya sani da gaske, wanki ne. Sabulu ya ƙi, ya ƙara lemun tsami. Lemun tsami ya ƙi, ya haɗa da toka da wani sirri nasa na wankin kwalabe, ya bi wutsiyoyin ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Da ya gama, wutsiyoyi goma suna sheƙi, ba ja ba shuɗi. Daga baya aka gane buroshin ba tsoho ba ne, na matar ne.

Bayan la’asar ya jera benci a tsakar gida. Inna ta zauna a gaba da kyanwarta a cinya, wata ƙatuwar baƙar kyanwa da take ji da ita fiye da masu haya. Tela ya zo da alli a kunne. Mai walda ya kira abokan aikinsa, matan makwabta suka tsaya a bakin ƙofa da ’ya’ya a kafaɗa. Na-Sani ya fito cikin farar riga, ya yi jawabi a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi wanda ko Dakta ta ji sai ta nemi kujera. Sannan ya ɗiga wa kowane ɓera maganin da ɗan sirinjin da ake ba jarirai magani. Ɓerayen suka lashe baki, suka ci gaba da harkarsu. Ya zura wa agogonsa ido, wanda ya tsaya tun bara, can ya ɗaga hannu.

“Jama’a, ku ne shaida. Goma cikin goma, babu wanda ya faɗi.”

Mai walda ya tafa. Tela ya sosa kunne da alli.

“Malam Na-Sani, kafin ka ba su, suna faɗuwa ne?”

“Ba sa faɗuwa.”

“To ni ma ban sha ba, ga ni zaune.”

“Kai ɓera ne?”

“A’a. Amma akwai wani ɓera mai yagaggen kunne da ke cin zarena, shekararsa biyu a shagona. Bai sha maganinka ba, ban kuma taɓa ganin ya faɗi ba, duk da ina yi masa fata.”

Aka yi dariya. Na-Sani ya ce jahilci ciwo ne, amma a cikinsa ya ji maganar ta taɓa wani wuri. Ya tuna a wurin aiki sai an tsokano ciwon tukuna ake ganin ko magani ya tare shi, da wata allura da ke kulle a kabad ɗin Dakta. Ya kuma tuna wata rana ya jiyo ta bango ana maganar ƙararrawa da ƙara mai ƙarfi. Sauran bayanin famfo ya cinye. Ya sanar da jama’a cewa wannan ai share fage ne, yanzu za a shiga mataki na biyu, wa ke da abin ƙara?

Tambayar da Mai walda ya jima yana jiran wani ya yi masa ke nan. Kafin ka ce me, ya jawo fallen kwanon rufi da babbar guduma. Na baya suka yi ƙorafin ba sa gani, Na-Sani ya juye ɓerayen cikin faffaɗan bahon wankin matarsa. Daga bakin ƙofa ta ce, “Baban yara, ka bar su a kejin.” Bai ko waiwaya ba. Ya tuɓe farar rigar ya rataye a ƙusar jikin ƙofarsu, gindinta na jan ƙasa, ya naɗe hannun ’yar ciki, ya ba Mai walda alama.

Waɗanda ke layi na uku daga gidan sun rantse sun ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Ɓeraye goma suka yi sama a tare kamar an watsa auduga. Fari ya gilma nan, ya gilma can. Matan bakin ƙofa suka yi waje da ihu, abokan Mai walda suka haye randa, Inna da ke cewa gwiwa ta hana ta hawa matakala sai ga ta tsaye a kan benci. Hawanta ya sa bencin ya ɗaga, Tela da ke ɗaya ƙarshen ya tafi ta baya, ƙafarsa ta faɗa tukunyar magani, tukunya ta kife. Cikin duk masu rai da ke tsakar gidan, Tela kaɗai ya kai ƙasa.

Na-Sani ya nuna shi da yatsa. “Ga wanda bai sha ba. Kun dai gani.”

Abin da Tela ya mayar masa ba ya rubutuwa.

Ana cikin ɗaga Tela, ba wanda ya kula da kyanwa. Ita dai ta ji ƙamshin madara da kifi yana malala a siminti, ta manta da farauta, ta bi shi da harshe har gindin tukunya. Ta yi hamma, ta miƙe ƙafafu huɗu, ta kwanta. Wani farin ɓera ya bi ta kan bayanta ya wuce, ko gashin bakinta bai motsa ba. Inna ta sauko ta jijjiga ta, ta kira ta da duk sunayen da take kiranta, shiru, sai minshari. Na-Sani ya ce wannan alama ce ta kwanciyar ƙwaƙwalwa. Inna ta ce ita ma tata ƙwaƙwalwar a kwance take, shi ya sa take gaya masa a hankali: in kyanwar nan ba ta farka ba zuwa Litinin, da kanta za ta kai ta gaban mai wurin aikin nasu.

Lahadi ta ƙare a rarrafe. An samu fari ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya a cikin takalmin Mai walda, ɗaya a aljihun keken ɗinkin Tela. Sauran bakwai kamar ƙasa ta haɗiye su. Na-Sani ya kafa tarkon bokiti da ɗan katako da gutsuren burodi, tarkon kuwa ya yi albarka, domin tunda kyanwa ta kwanta ’yan asalin gidan suka fito shan iska. Kafin azahar bokiti ya kama bakwai cif, manya, masu launin toka, suna harare-harare.

Ya daɗe yana kallon bokitin, yana kallon kejin. Matar ta san wannan kallon, ta je ta ɓoye abin da za ta iya ɓoyewa, amma ta manta da gwangwanin hodarta.

Tela yana zaune a ƙofar shagonsa da ƙafa a naɗe, yana kallon yadda ake saka ɓera a jakar takarda, a zuba hoda, a ɗan girgiza, ya fito fari fat yana ƙamshin fure. Ya ce aiki ya yi kyau, sai dai na Dakta idonsu ja ne, waɗannan baƙi. Na-Sani ya ce ba wanda ke duba idon ɓera. Tela ya ce kuma kowane ɗaya ya yi biyun na Dakta. Na-Sani ya ce kulawa ce. Da aka zo kan na ƙarshe, Tela ya miƙa wuya.

“Wannan na san shi. Dubi kunnen. In za ka kai shi makaranta, ka gaya musu yana cin zare.”

Matar ce ta tuna masa wutsiyoyi. Ta ce ko ma mece ce ma’anar ja da shuɗin nan, ya mayar da kayan mutane yadda ya same su. Karon farko ya ɗauki shawararta, sai dai ya ɗauke ta ta wutsiya. Ya nemo jan farcenta da shuɗin wanki, ya tsaya yana tunanin wa ke da wane, ya kasa. Sai ya yanke hukunci irin na adalai: kowace wutsiya ya yi mata zoben ja da zoben shuɗi, kada wani ya ce an nuna masa bambanci.

Ran Litinin da sassafe ya zari farar rigar daga ƙusa ya zura. Ya ji ta yi nauyi, ya ce nauyin amana ne. Ya riga kowa isa, ya mayar da keji kan kanta, ya lulluɓe shi da ƙyalle, ya koma bakin famfo yana wanke kwalaben da ya riga ya wanke.

Baƙin su uku ne, babbansu wani dattijo mai sanƙo cikin baƙar kwat da ba ƙura ko ɗigo. Dakta ta sa Na-Sani ya riƙe tiren kayan aiki a bakin ƙofar ɗakin ɓeraye, ta fara bayani. Yau babu bango, babu ƙarar famfo, don haka a karon farko ya ji magana daga farkonta har ƙarshe. Ya ji abin da ja ke nufi. Ya ji abin da shuɗi ke nufi. Ya ji Dakta na cewa duk aikin makonnin nan a kan waɗannan ’yan alamomi ya rataya. Wani abu ya motsa a gadon bayansa, ya ɗauka tsoro ne.

Dakta ta yaye ƙyalle. Ƙamshin fure ya cika ɗakin. Wani daga cikin kejin ya yi atishawa, ɗan farin gajimare ya tashi. Ta gyara tabarau, ta buɗe ƙofar kejin yadda ta saba, domin nata ɓerayen masu ladabi ne, a tafin hannu suke zama. Mai yagaggen kunne bai san wannan tarbiyya ba. Ya yi tsalle ɗaya ya dira a gwiwar dattijon, ya bi baƙar kwat ɗin da gudu yana barin farin sawu, kafin ya kai kafaɗa ya koma launinsa na gado. Ya tsaya a can yana kallon mutane, wutsiyarsa ja da shuɗi tana lilo a kan aljihun baƙo.

Dakta ta rage murya. “Malam, matso kusa.”

Ya matso da tire a hannu. Mutum irin Na-Sani ko a rijiya ya faɗa zai ce wanka ya sauka yi. Ya yi gyaran muryar nan da ya tanada tun Juma’a, ya ce dama yana da albishir: ya gano wani haɗin ganye da ke ƙara wa ɓera girma da kuzari, har yana sauya masa launi, kuma cikin duk waɗanda aka gwada babu wanda ya faɗi sai wani tela.

“Ga telan nan,” in ji wata murya daga baya.

Tela ne da sanda. A gabansa Inna ce rungume da kwando, a bayansa Mai walda, can ƙarshe matar Na-Sani tana tafe kamar mai rakiyar gawa. Maigadi ya bar su sun shigo saboda Inna ta ce maras lafiya ta kawo. Ta dire kwandon a kan tebur, ta tambayi wace ce babba a nan, ta kwashe labari tun daga warin tukunya har gudumar Mai walda, Tela na cike mata inda ta tsallake. Ta yaye zanen kwando, ga kyanwa sheme-sheme.

To, barci komai nauyinsa, ɗakin da ɓeraye suka cika wani abu ne daban. Hancin kyanwar ya motsa. Ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe na biyu, ta miƙe ta yi miƙa. Inna ta fara hamdala. Sai dai kyanwar ba ta dubi kejin ba, ba ta dubi na kafaɗar dattijo ba. Na-Sani ta zura wa ido. Ta diro daga tebur, ta nufo shi a hankali, cikinta na shafar ƙasa.

“Kun gani,” in ji shi, “godiya ta zo yi.”

Ta daka tsalle ta cafki gindin rigar. Rigar ta ɗauki rawa. Ashe aljihun ya daɗe da ɓulewa ta ciki, ramin ya zarce cikin shafin rigar, ɓerayen Dakta kuwa da ba su san kowa ba a duniya sai warin wannan ɗakin, tun ranar guduma suka bi warin suka shige. Ɗaya ya leƙo ta wuya. Ɗaya ya fito ta hannun riga ya hau tire. Biyu suka ɓullo daga aljihun ƙirji suka ture murafun alƙaluman. Na-Sani yana juyi yana bubbuga jikinsa, tire a sama, kyanwa na rataye a gindin riga, Inna na jan kyanwa, Mai walda na tambaya ko ya ɗauko guduma.

Da ƙura ta lafa, ɗalibai sun tattara fari shida daga jikinsa, ga uku a keji. Dakta ta ɗaga ɗaya daga cikin shidan, ta daɗe tana kallon wutsiyar nan mai sheƙi. Dattijon yana jingine da bango, yana share hawayen dariya da hankici. Da ya samu numfashi ya ce shi abin da kyanwar ta sha ne ya tsaya masa a rai, don ganyen da zai kwantar da dabba haka ya cancanci a duba shi. Wane ganye ne? Ƙirjin Na-Sani ya fara kumbura, sannan ya sace, domin ko ɗaya bai san sunansa ba, bai kuma tuna wanne ya fi yawa ba. Dattijon ya ce ba komai, a kawo tukunyar, ko ɗan abin da ya maƙale a gindinta ya isa a gwada.

“Ya wanke ta, ranka ya daɗe,” in ji matar. “Har mutum na ganin fuskarsa a ciki.”

Dakta ta ajiye ɓeran. Ta ce aikin makonni ya tafi, sai an sake daga farko, kuma ta riga ta gaya masa abin da zai biyo baya. Na-Sani ya dubi famfonsa ta ƙofa, bai taɓa ganin ya yi masa kyau haka ba. Matar ta matso ta ɗan rusuna.

“Ranki ya daɗe, ba zan ce bai yi laifi ba. Amma wanki kam ya iya. Sauran ne Allah bai ba shi ba.”

Dakta ta sake duban wutsiyar. Sannan ta juya hannun tata rigar, ta nuna wani shuɗin tabo da ya shekara uku yana nan, ta ce masu tawadar sun rantse ba abin da ke fitar da ita, ita ma ta gwada komai. Dattijon ya ce ya zaga ɗakunan gwaji da yawa, bai taɓa ganin wutsiya mai tsabtar wannan ba, kuma tallafin zai isa a sake gwajin, har a sa ƙofar ƙarfe. Mai walda ya ce yana yin ƙofofi.

Hukuncin ya fito a taƙaice. Makulli ya dawo hannun Dakta. Farar riga ta zauna a nan, ba za ta ƙara kwana a unguwa ba. Bangon katako za a mayar da shi na bulo, don kada rabin ilimi ya ƙara tsallakawa. Shi kuwa ya koma famfonsa, ya fara da tabon hannun rigarta.

“Kuma daga yau, in ina magana ka bari in kai aya. Ka ji?”

“Na s…”

Matar ta taka masa ƙafa.

“Na ji, ranki ya daɗe.”

Ɓera na goma dai ba a ƙara ganinsa ba. Amma bayan ’yan watanni sai wasu irin ɓeraye suka fara gilmawa a gidan Inna, rabi fari rabi toka, dabbare-dabbare kamar shanu, ba sa tsoron mutum, kyanwa kuma tun daga waccan rana ta yi ritaya. Wata yamma suna zaune a tsakar gida da Tela, babbar tukunyar nan na kan wuta kusa da su, Na-Sani cikin ’yar shara, ɗaya ya fito daga shagon Tela da zare a baki, ya ratsa ta gabansu ba gaggawa. Na-Sani ya bi shi da kallo irin na kaka da jika.

“Jinin wanda ya sha maganina ne. Tela, tsakaninka da Allah, tun da suka fara fitowa ka taɓa ganin ɗaya ya faɗi?”

Tela ya buɗe baki, ya dubi ƙafarsa, ya ja bencinsa can nesa da tukunya.